MANOMI DA WAYA MAI ARAHA

Da zarar kaka ta yi, aka kai gyaɗa da waken suya da masara kasuwa, kuɗi suka shiga aljihu, akwai wani ciniki da ya kan tashi tare da na hatsi, shi ne cinikin babbar waya, watau wadda a ke shafa gilashinta da yatsa. A Kano, wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a wannan lokaci ba zai rasa ganin mutumin ƙauye ba, ya sayar da buhu biyu ko uku, ya zo ya tsaya gaban akwatin gilashi yana nuna wadda ta yi masa kyau. Yaron shago ya ɗauko ta ya ce, "Baba, wannan ita ce daidai da kai, batir ɗinta kwana biyu ya ke yi, ga ido uku na ɗaukar hoto." Kwali yana ƙyalli, kuɗin kuma bai kai rabin na waɗanda ke sama ba. Sai a yi ciniki.

Kafin wata uku labari ya sake. Wayar ta yi nauyi, in an taɓa ta sai ta yi tunani kafin ta amsa. Cajin da aka ce na kwana biyu ne ba ya kai la'asar. Kullum tana faɗin wurin ajiya ya cika. A gona kuwa in rana ta take ba a ganin abin da ke kan gilashin sai an shiga inuwa. Mai ita ya ce an cuce shi. Wani lokaci gaskiyarsa ce, an cuce shi ɗin. Amma galibi abin da ya biya shi aka ba shi, sai dai ba a bayyana masa ko mene ne ba, shi kuma bai san abin da zai tambaya ba. An yi cinikin biri a sama ke nan.

Ba don ado kaɗai manomi ke wannan saye ba, bai kamata kuma a yi masa dariya ba. Sa'ad da wayar hannu ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, layi kaɗai naira 20,000 ne ko fiye, sai attajirai. A shekarar 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke Ministan Gona, aka soma aika wa manoma saƙo ta waya su je su karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi, daga nan mutane da yawa suka gane lambar waya ta zama kamar takardar shaida. Sa'an nan a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga kasuwa, wanda ba ya iya karɓar kuɗi ta waya ya ga hatsinsa a ƙasa ba mai saye, ko kuwa ya karyar da shi ga mai tsaba a hannu. A watan Yuni na wannan shekara kuma aka saki darajar naira, dala da ta ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin Fabrairu na 2024. Tun da ya ke daga waje a ke kawo wayoyin nan, sai kuɗinsu ya bi dala. Watau bukata ta ƙaru, ƙarfin saye ya ragu, dole mutum ya nufi mai araha. Abin da ya rage shi ne ya san iyakarta.

Rumbu da masussuka

Lamba biyu a ke rubutawa a jikin kwali, kamar 2GB da 32GB, ko 4GB da 64GB, kuma a nan ne akasarin ruɗani ya ke. Babbar lambar ita ce rumbu, inda a ke tara hotuna da bidiyo da manhajoji. Ƙaramar kuwa, wadda a ke kira ram, ita ce masussuka, filin da wayar ke baza aikin da ta ke yi a wannan sa'a. Manomi ya san ko rumbunsa ya kai girman ɗaki, in masussukarsa tabarma ɗaya ce, dami ɗaya zai riƙa bugawa, ya kwashe, ya ɗauko wani. Haka waya mai ƙaramin ram ta ke. In mutum yana cikin manhajar banki ya fita ya dubo lambar asusu a WhatsApp, kafin ya komo ta kwashe aikin farko don ta sami wurin na biyu, sai ya sake daga fari. Ba lalacewa ta yi ba, ƙarfinta ke nan.

Daɗin daɗawa manhajojin kullum ƙara ƙiba su ke yi, wayar kuwa ba ta girma. A ƙarshen 2017 kamfanin Google ya fitar da wani sassauƙan tsarin Android mai suna Go saboda wayoyi masu ram 1GB ko ƙasa da haka. A 2022 shi da kansa ya ɗaga mafi ƙarancin abin da a ke bukata ya koma ram 2GB da rumbu 16GB. Abin da ya isa cikin shekara biyar da suka wuce ya kasa ke nan. Haka kuma a watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba. Wanda zai sayi tsohuwar waya ta hannu ya tuna da wannan, don jikinta na iya zama garau alhali manhajar da ya saye ta dominta ta juya mata baya.

Akwai kuma wata dabara da ta yawaita, a ga an rubuta 4+4GB, yaron shago ya ce takwas ne. Huɗu ne. Sauran huɗun aro a ke yi daga rumbu, shi kuwa rumbu ba shi da saurin ram ko kusa. Kamar mutum ne ya ce ya faɗaɗa masussukarsa da bakin rumbu. Ya kan ɗan taimaka, amma lambar farko ita ce abin lissafi, kuma ga wanda zai yi harkar banki da WhatsApp kowace rana, 2 wahala ce, 3 a lallaɓa, 4 a sami sauƙi.

Shi ma rumbun ba a samunsa cif. Waya mai 32GB, tsarin da ke tafiyar da ita da manhajojin da kamfani ya cusa tun daga masana'anta sun riga sun cinye wajen sulusi kafin a buɗe kwali. Abin da ya saura kuwa zaurukan WhatsApp ke cikawa: na ƙungiyar manoma, na 'yan uwa, na masallaci, na siyasa, kowane ana zuba bidiyo dare da rana, wayar tana saukewa da kanta ko mai ita bai buɗe ba. In rumbu ya cika maƙil, nauyin wayar ya kan ninka. Maganin wannan bai kai kwabo ba. A shiga saitin WhatsApp a hana shi sauke hoto da bidiyo sai an taɓa, a kuma riƙa share tsofaffi kowace Juma'a. Wanda zai ƙara katin memori ya saya a shagon da zai iya komawa, domin akwai na jabu da a kan rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Yana karɓar kaya kamar gaske, sai ranar da aka nemi hoton rasit na bara a tarar ba ya buɗewa.

Batir da zafin rana

Yawancin wayoyi masu araha yanzu batir ɗinsu babba ne, a kan rubuta 5,000mAh, kuma ba ƙarya ba ne a cikin birni ya kwana ya wuni. Amma ƙauye daban. In sabis ya yi rauni, wayar ƙara ƙarfi ta ke yi don muryarta ta kai ga turken kamfani, kamar mai kiran wani daga hayin rafi. Wanda gonarsa ke nesa da turke, wayarsa tana cikin aljihu tana ta wannan kira tun safe, ko bai buga wa kowa ba. In ya fito da ita cikin rana kuma dole ya ƙure hasken gilashi, shi kuwa gilashi ya fi kome shan caji. Mai waya irin wannan in ya shiga gona ya kashe data, in ma ba ya jiran kira ya sa ta a yanayin jirgin sama, zai yi mamakin abin da zai tarar da yamma.

Batir kuma yana tsufa. Bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 500, watau wajen shekara ɗaya da rabi ga mai caji kullum, ya kan rasa misalin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Zafi yana gaggauta wannan ƙwarai. Masu ƙera waya su kan ce kada a yi aiki da ita a zafin da ya wuce digiri 35, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin bazara ya kan haura 40 a inuwa. To, ina ga wadda aka ajiye kan buhun taki a tsakiyar gona, ko aka bari cikin akwatin babur? Haka nan rumfar mai caji a kasuwa, inda a ke tara waya hamsin a kan allo ɗaya ƙarƙashin kwano, da janareto mai hawa da sauka da caja wadda ba a san asalinta ba. Ba laifin mai rumfa ba ne, shi ma abinci ya ke nema, amma ya fi kyau mutum ya je da tasa cajar ta cikin kwali. Wanda ya sami hali ya sayi ɗan faifan sola, sai ya ja igiyar ya sa faifan a rana, wayar a inuwa. In aka ga bayan waya ya soma kumbura, batir ne ya lalace, kada a ƙara sa ta a caji, kada a kwana da ita ƙarƙashin matashi, don tana iya kamawa da wuta.

Da hunturu ƙura kan toshe bakin caji har a zaci wayar ta mutu. A kashe ta a sakace a hankali da tsinken itace, ban da allura. In ruwan damina ya shige ta, binne ta cikin shinkafa da a ke yi ba ya tsinana wani abin kirki. Abin da ke ceton ta shi ne a kashe ta nan take, kada a gwada caji, a kai wa mai gyara ya buɗe ya busar.

Batun sabis akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Kamfanonin layi suna aika 4G ta zango daban-daban. Na ƙasa, irin 700 da 800, shi ke tafiya nesa ya ratsa bango, shi ne abokin mutumin ƙauye. Na sama, irin 2600, ya fi ɗaukar kaya amma ba ya nisa. Wayar da aka ƙera saboda wata ƙasa aka shigo da ita ta hannu tana iya rasa zangon da a ke amfani da shi a garin mai saye. Shi ya sa a kan ga mutum biyu a benci guda, layinsu iri ɗaya, ɗaya yana kallon bidiyo, ɗaya ko saƙo ya ƙi tafiya. Kafin a saya, a tambayi maƙwabta wace iri ce ke kamawa a garin.

Ido uku, gani ɗaya

Tun da tsutsar nan mai cin masara ta bayyana a Nijeriya a farkon 2016, manoma da yawa sun koyi ɗaukar hoton ganye su aika wa malamin gona ko mai sayar da magani, akwai ma manhajoji irin su Plantix da ke duban hoto su faɗi cutar da su ke zato. Wannan amfani ne na gaske, amma sai hoton ya fito. Idon nan uku da ke bayan waya mai araha, sau da yawa ɗaya ne ke aikin, sauran ko dai taimakonsu kaɗan ne ko kuwa ado ne kurum. Yawan lambar da aka rubuta wa kyamara kuma ba shi ne kyan hoto ba. In an matsa kusa da ganye ƙwarai sai ya dushe, malamin gona ya kasa rarrabe ɓarnar tsutsa da ƙarancin taki, mai magani kuwa ya ba da abin da ke shagonsa. Gara a ɗauka da safe ko da yamma, a goge idon da gefen riga, a ja baya kamar taƙi ɗaya, a taɓa wurin ciwon a gilashi har ya fito sarai. A ɗauki uku: shukar duka, da ganyen, da cikin kunnen masarar inda tsutsar ke ɓuya. In asarar mai yawa ce, a tsinko ganyen a kai da hannu.

Awon gona da waya shi ma sai da lura. Waya ta kan kuskure wurin da mutum ke tsaye da misalin mita biyar ko a fili ne. A babbar gona wannan ba kome ba ne. Amma a ɗauki fili mai mita 50 kowane gefe, watau murabba'in mita 2,500, rubu'in hekta. In kuskuren ya sa kowane gefe ya zama 55, lissafi zai ba da 3,025, ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya biya mai tarakta ko ya auna maganin ciyawa bisa wannan ya yi asara. A zagaya sau uku a ɗauki tsakaici, kada kuma a kai awon waya gaban dagaci a kan rikicin iyaka. Waɗansu masu arahar ma ba a sa musu na'urar gane gabas da yamma ba, shi ya sa manhajar nuna alƙibla ke ta juyi a cikinsu ba ta tsayawa.

Inda kuɗi ke zurarewa

Kukan da ya fi yawa bayan na batir shi ne na data da kati. Ƙaramar waya mai tocila ba ta cin kome sai an buga. Babba kuwa ko tana aljihu manhajoji na sabunta kansu, talla na shigowa, duk daga datar mai ita. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, wannan yoyo ya ƙara ciwo. A cikin saiti akwai wurin da ke nuna abin da kowace manhaja ta sha, da wurin hana ta sha a ɓoye. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko malamin makaranta ya yi masa sau ɗaya.

Wani lokaci kuwa ɓarawon a cikin gida ya ke. A shekarar 2020 masu binciken tsaron waya suka bayyana cewa dubban wayoyi samfurin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru sun fito da wata muguwar manhaja a ciki, wadda ke ƙoƙarin sa mutane cikin tsare-tsaren biya ba da saninsu ba. Kamfanin ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, ya kuma fitar da gyara. Wanda ya ga katinsa na raguwa ba dalili ya danna *305# ya ga ko an sa shi cikin wani tsari, ya fita. Saƙonnin talla kuma a kan tsayar da su ta aika kalmar STOP zuwa 2442. In kamfanin layi ya ƙi sauraro, lambar kai ƙara ga hukumar ita ce 622, ba a biya.

Ga ɗan kasuwa da malamin da ke riƙe da littafin shago, babban haɗari yana wajen karɓar kuɗi. A kasuwa irin ta Dawanau, mota na jira, 'yan dako na jira, mai saye ya nuna gilashin wayarsa ya ce ya tura, manhajar bankin mai kaya kuwa ta tsaya tana juyi. Kunya da gaggawa su sa a ɗora kaya. Hoton da ke wayar mai saye ba shaida ba ne, saƙon da ya shigo ma a kan ƙirƙira shi. Shaida ita ce mutum ya ga kuɗin a cikin asusunsa. In babbar waya ta ƙi, lambobin banki da a ke dannawa da tauraro ba su bukatar data, suna aiki a ƙaramar waya mai tocila, wadda cajinta ke kwanaki. Saboda haka wanda ya sayi babba kada ya yi saurin ba yara ƙaramar. A kuma sa wa layin da ke haɗe da banki lambar sirri, domin ɓarawon waya a yau layin ya fi so, ba wayar ba.

Sayen waya bashi, a biya kaɗan a riƙa cikawa mako-mako, ya dace da mai albashi ko mai shago. Manomi kuɗinsa na shekara ne. Irin wannan waya in an yi jinkirin biya kulle ta a ke yi daga nesa, kuma jinkirin ya fi zuwa a tsakiyar damina, lokacin da kuɗi suka tafi ga taki da 'yan ƙodago, lokacin kuma da a ke bukatar wayar. A tara dukan abin da za a biya har ƙarshe a gwada da kuɗinta na hannu kafin a sa hannu a takarda.

Ranar saye, kada a bar shago sai an kunna ta. A danna *#06#, lamba mai ɗigo 15 za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, a ajiye. A shiga saiti a duba ram da rumbu da ido, a sa layi a buga kira, a fita da ita bakin ƙofa a ga ko ana iya karatu cikin rana. A sa mai shago ya rubuta wannan lamba a kan rasit tare da kwanan wata, a adana rasit da kwalin inda a ke adana takardun gona. Garantin sabuwar waya galibi na wata 12 ne, bai shafi fashewar gilashi ko shigar ruwa ba, kuma ya kan faɗi da zarar mai gyaran bakin titi ya buɗe bayanta. In ta nuna aibi cikin wannan lokaci, wurin gyara na kamfanin za a nufa da ita tukuna, da rasit a hannu.